Zomo Ba Bawan Giwa Ba Ne, Dawa Suka Tara

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Shagamu ko Abekuta, wanda ya saba zuwa ganin gida ta hanyar Sakkwato, ya san cewa in mota ta haye gadar Jebba ta wuce Mokwa, kafin ta isa Kwantagora sai ta ratsa wata ƙasa mai yawan daji da faɗin gonaki. Wannan ita ce ƙasar Mashegu, cikin masarautar Kwantagora ta Jihar Neja. Galibin matafiya ba su san ta da kome ba sai wurin tsayawa a yi salla a sha ruwa. Alhali kuwa ƙasa ce wadda ta ga yadda manyan dauloli ke ƙulla ƙawance da na kusa da su in yaƙi ya taso, ta kuma ga yadda ƙawancen ke tsinkewa in babba ya mai da abokinsa bara. Tun da yake Nijeriya ta yi shekara fiye da goma tana yaƙi a kan iyakokinta na arewa, tsakaninta da maƙwabtanta kuwa sai a hankali, ya kamata a waiwayi abin da ya faru a wannan yanki, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Maganar a taƙaice ita ce, lokacin yaƙi ne babbar ƙasa ta fi bukatar ƙananan maƙwabtanta, kuma lokacin ne ta fi saurin raina su. Maƙwabcin da aka matsa wa kuwa ba ya naɗe hannu ya jira mutuwa. Zai buɗe wa baƙo ƙofa, baƙon nan kuma in ya shigo ba ya tambayar wane ne babba wane ne ƙarami, duka zai haɗa.

Zugurma da Kwantagora

Labarin ya fara ne daga Zugurma, garin da ke cikin ƙasar Mashegu a yau, wanda aka sa wa wani sashe na gandun dajin Kainji sunansa. A farkon ƙarni na 19 sarautar Nupe ta rabu biyu tsakanin 'yan gida ɗaya. Majiya yana yamma, ƙarfinsa a Zugurma da Raba, Jimada kuwa yana gabas a Gbara. Ana cikin wannan rikici sai wani malami Bafillace daga ƙasar Kabi, Malam Dendo, ya sauka Nupe da jama'arsa, bayansa kuwa akwai Gwandu, wadda ke duba yammacin daular Usmaniyya tun rabon da Shehu ya yi a 1812. Majiya ya jawo malamin a jiki, da taimakonsa ya ci Jimada da yaƙi. Da ya sami abin da yake nema sai ya fara tsoron abokin nasa, ya kore shi. Dendo ya haye Kwara ya fake a Ilori, Majiya ya bi shi da runduna, aka karya shi, ya komo Zugurma. Daga nan Dendo ya zauna Raba, yau ya kama hannun Idirisu ɗan Jimada, gobe ya saki ya kama na Majiya, har ya rasu a 1833. Kafin shekara talatin ta cika, mulkin Nupe ya tabbata a hannun 'ya'yansa a Bida, zuriyar Majiya kuwa aka bar ta da suna a Zugurma.

Wannan shi ne darasin ƙarami wanda ya kira mai ƙarfi don ya taya shi kā da ɗan'uwansa. Darasin babba kuwa yana cikin labarin Kwantagora.

Umaru Nagwamatse ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, watau jikan Shehu ne. Jarumi ne wanda gari ɗaya ba ya isarsa. An ba shi Gwamatse, inda ya samo laƙabinsa, an kai shi Katuru, an kai shi Talatar Mafara, ko'ina ƙarfinsa ya fi wurin. Daga baya ya yi kudu, ya taimaki Usman Zaki da Masaba, 'ya'yan Dendo, a yaƙinsu da Umaru Bahaushe, sa'an nan ya kafa sansani a Bogi kusa da Wushishi. A 1859 ɗan'uwansa Ahmadu Atiku ya hau gadon Sarkin Musulmi, ya naɗa shi Sarkin Sudan, a 1864 kuma ya kafa Kwantagora. Masu ba da labari sun ce sunan garin daga umurninsa ne ga mayaƙansa, cewa su kwantar da gora, an iso wurin zama.

Yamma da shi akwai Yawuri. Tun farkon jihadi sarkin Yawuri ya nemi amana, aka bar masa sarautarsa, yana kai gaisuwa Gwandu. Ma'anar amana kuwa sananniya ce: ƙarami ya bi, babba ya tsare. To, da gidan sarautar Yawuri ya rabu, Nagwamatse ya shiga tsakani da sunan taimako, ya fito da gabashin ƙasar a hannunsa. Yawuri ta Gwandu ce, mai cinta kuwa Sakkwato yake bi kai tsaye, ga shi kuma ɗan gida. Amanar ba ta tsare ta ba. Bayan rasuwar Nagwamatse a 1876, da ɗan gajeren mulkin ɗansa Modibbo, Sarkin Sudan Ibrahim ya hau a 1880, ya shekara ashirin yana kai yaƙi ƙasashen Kambari da Dukawa da Kamuku da Gwari, har ya ci Birnin Gwari. Garuruwa da yawa suka zama kufai, waɗanda suka tsira suka hau duwatsu.

Ba don tonon tsohon miki aka kawo wannan ba. Gidan Nagwamatse gida ne mai daraja, Sarki Ibrahim kansa ya komo kan gadonsa a 1903 ya yi mulki har 1929. Abin dubawa shi ne abin da ya biyo baya sa'ad da baƙo ya iso bakin Kwara.

Ranar da baƙo ya iso

A watan Janairu na 1897 sojan Kamfanin Neja suka auka wa Bida, a watan Fabrairu suka auka wa Ilori. Gwandu ba ta aiko da runduna ba, Sakkwato ma haka. Kede, masu jiragen ruwa na Kwara, waɗanda suka daɗe suna ɗaukar nauyin yaƙe-yaƙen Bida, suka ba Kamfani goyon baya. A Yawuri kuma Sarki Abarshi, wanda ya ga yadda ƙasar kakanninsa ta ƙanƙance, ya karɓi Turawa, suka ajiye soja a Yalwa. Mutumin da aka cinye rabin gonarsa ba ya tambayar asalin wanda ya zo da alkawarin tsare masa sauran.

Ran 1 ga watan Janairu 1900 Gwamna Lugga ya ta da tutar Ingila a Lakwaja, a cikin shekarar kuma ya ajiye soja a Wushishi. Sarkin Sudan Ibrahim da Etsu Abubakar na Bida suka haɗa baki su kawar da sansanin, amma aka ɗauke su ɗai-ɗai, Kwantagora a watan Janairu na 1901, Bida a Fabrairu. Lugga ya rubuta wa Sarkin Musulmi Abdurrahman cewa ya zaɓo wanda za a naɗa a Kwantagora. Ba a ba shi amsa ba, ba a kuma aiko da doki ko ɗaya don ceton garin ba. Ibrahim ya yi arewa da jama'arsa ya shiga ƙasar Zazzau, runduna mai yawa kuwa dole ta ci, abin da ta ci kuma na talakawan Zazzau ne. Sarkin Zazzau Kwasau ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya aika wa Turawa su zo su raba shi da ɗan'uwansa Musulmi, jinin Shehu. Suka zo a farkon 1902 suka kama Ibrahim, sa'an nan suka zauna. Kafin shekarar ta fita sun ɗauke Kwasau daga Zariya, a Lakwaja ya ƙare kwanakinsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Daga Zariyar nan ce rundunar da ta ci Kano ta tashi. Kano ta faɗi ran 3 ga watan Fabrairu 1903, Sakkwato ran 15 ga watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi ran 27 ga watan Yuli.

Wani zai ce ai igwa da bindiga mai ruwa ne suka ci daular, ko an haɗa kai ba za a iya musu ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma a tuna cewa sojan da suka ci Kano ba su kai dubu ɗaya ba, kuma sun taso tun daga Zungeru sun ratsa ƙasa mai nisa da kayansu a kan 'yan alaro, ba wanda ya tare musu hanya ko ya yanke musu abinci. Ƙasar da suka ratsa kuwa ita ce wadda yaƙin shekara arba'in ya watsa mutanenta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon kudu na daular kuwa 'yan gida ne suka fara tsaga shi, babban gida yana kallo.

Waɗanda suka tsaya a 1967

Nijeriya ita ce babban gida a wannan yanki yanzu, ita ake kira giwar Afirka. Ta kuwa taɓa ɗanɗana amfanin maƙwabci a lokacin da ranta ke hannun Allah. Yaƙin basasa ya ɓarke ran 6 ga watan Yuli 1967, bai ƙare ba sai a watan Janairu na 1970. A tsakanin watan Afrilu da Mayu na 1968 Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya suka amince da Biyafara a matsayin ƙasa, gwamnatin Janar de Gaulle ta Faransa kuma ta nuna inda ta karkata. A farkon 1969 Shugaba Zinsou na Dahome ya bar jiragen agaji na Red Cross suna tashi daga Kwatano zuwa yankin 'yan tawaye, abin da ya ɓata wa Gwamnatin Tarayya rai ƙwarai.

Amma fa a duba waɗanda ke da iyaka mafi tsawo da Nijeriya. Shugaba Ahmadu Ahijo na Kamaru ya ƙi yarda ƙasarsa ta zama hanyar makamai, alhali da ya buɗe ta da yaƙin ya sake kama. Shugaba Diori Hamani na Nijar, wanda kuɗin ƙasarsa da tsaronta ke rataye da Faransa, ya tsaya kan cewa Nijeriya ɗaya ce. Su biyun suna cikin shugabanni shida da Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta ɗora wa neman sulhu a taronta na Kinshasa a 1967, a Yamai kuma aka yi zaman watan Yuli na 1968. Ba shakka Diori yana da nasa lissafi, gama gyaɗar Damagaram da Maraɗi ta Kano take bi ta hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, mutanen da ke ɓangare biyu na iyakar kuma uwa ɗaya uba ɗaya ne. To, ai haka ƙawance na gari yake, kowa yana da abin da zai samu, ba wanda aka tilasta.

Janar Gowon bai manta ba. A 1971 aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, mazauninta a Yamai. A cikin shekarun 1970 aka ja wayar lantarki daga madatsar ruwa ta Kainji, maƙwabciyar ƙasar Mashegu, ta bi ta Birnin Kabi ta isa Yamai. Wannan ba sadaka ba ce, gama ruwan Kwara ta Nijar yake bi kafin ya iso Kainji, in ta tare shi a sama injunan nan za su ji. Ran 28 ga watan Mayu 1975 kuma aka sa hannu a Ikko kan kafa Ƙungiyar Tattalin Arzikin Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, bisa ƙoƙarin Gowon da Eyadema na Togo. Hikimar abin ita ce kada a sake wayuwar gari wani maƙwabci ya ga ribarsa tana cikin wargajewar Nijeriya.

Sai dai giwa takan manta da girman ƙafarta. A watan Janairu na 1983 aka kori baƙi marasa takarda cikin 'yan makonni, har da 'yan Nijar masu yawa. A watan Afrilu na 1984 aka rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986, ga fari ya sauka, har mutanen gabashin Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugaban Nijeriya na lokacin. A watan Agusta na 2019 aka sake rufewa har zuwa Disamba na 2020. Kowane karo akwai dalilin da aka bayar, wani lokaci mai ƙarfi ne, amma ba a cika shawartar wanda abin zai fi taɓawa ba.

Tabkin Cadi da juyin mulkin Yamai

Da fitinar Boko Haram ta yi tsanani, aka ci Baga a watan Janairu na 2015, sai maƙwabta suka sake zuwa. Sojan Cadi suka ƙwato Gamboru da Dikwa, su da na Nijar suka ƙwato Damasak. A shekarar aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tabkin Cadi, hedkwatarta a Njamena, ta ƙunshi Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru da Benin. Tun a lokacin Shugaba Idris Debi ya yi ƙorafin cewa mutanensa na ƙwato garuruwan Nijeriya, su jira wanda za su miƙa wa ba su gan shi ba. Ran 23 ga watan Maris 2020 aka kashe sojan Cadi kusan 100 a Bohoma, Debi ya ce ƙasarsa ita kaɗai ke ɗauke da kayan. A watan Oktoba na 2024 aka sake kashe kimanin 40 a Barkaram, ɗansa Mahamat ya yi barazanar janye sojansa. Ko ƙorafin nasu ya zarce gaskiya, ƙorafi ne na wanda ya binne 'ya'yansa, ba a amsa shi da ɗaga kafaɗa. A gefe guda kuma jihar Difa ta karɓi 'yan gudun hijirar Barno, jihar Maraɗi ta karɓi dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina tun daga 2019.

Ana cikin wannan hali soja suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum ran 26 ga watan Yuli 2023. Ran 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja a ƙarƙashin Shugaba Tinubu, suka ba sojan kwana bakwai su mai da shi ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500, wadda ta taɓa jihohi bakwai: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. A farkon Agusta aka yanke wutar lantarki, ga ƙasar da kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga Nijeriya take samu. Wayar da aka ja zuwa Yamai ita aka mayar bulala. Janar-janar ɗin Yamai suna da injin wuta a gidajensu. Wanda ya ji a jika shi ne majinyaci a asibiti, da mai niƙa, da mai sayar da ƙanƙara, da ɗan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari wanda kayansa suka ruɓe a bakin iyaka.

Allah Ya sa an sami masu hangen nesa. Ran 5 ga watan Agusta Majalisar Dattijai ta ƙi goyon bayan yaƙi. Janar Abdussalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka tafi Yamai, malamai suka bi bayansu. Aka ɗage takunkumin ran 24 ga watan Fabrairu 2024. Amma kafin nan bakin alƙalami ya bushe. A watan Satumba na 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso sun ƙulla nasu ƙawance, a watan Janairu na 2024 suka ce sun bar ECOWAS, ficewar ta tabbata a Janairu na 2025. A watan Afrilu na 2024 masu horad da soja daga Rasha suka sauka Yamai. A ƙarshen watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da fitarta daga rundunar Tabkin Cadi. Bazoum kuwa takunkumin bai mai da shi kan mulki ba.

Masu kare matakin suna cewa in aka ƙyale juyin mulki a gidan maƙwabci gobe zai shigo gida, kuma ƙungiya tana da dokar da kowa ya sa wa hannu. Wannan magana ce mai nauyi, musamman ga ƙasar da ta sha mulkin soja. Sojan Yamai ma ba tsarkaka ba ne: sun tsare zaɓaɓɓen shugaba, a watan Disamba na 2024 kuma Janar Tchiani ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa don ta da fitina a ƙasarsa, zargin da Abuja ta musanta. Amma akwai bambanci tsakanin ƙin amincewa da gwamnati da kuma horon al'umma baki ɗaya. Ana iya hana mai mulki tafiya, a riƙe dukiyarsa, a ƙi zama da shi a majalisa. Yi wa abokin yaƙi barazanar yaƙi, alhali abokin gaba ɗaya ne kuma yana daji yana saurare, wannan kuskure ne wanda ba a gama biyan kuɗinsa ba.

Wa ke biya?

A watan Nuwamba na 2024 Hedkwatar Tsaro ta Nijeriya da kanta ta ba da sanarwar ɓullar Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kabi, ta kuma danganta ƙarfinsu da yankewar sintirin haɗin gwiwa bayan juyin mulkin Nijar. Abin lura kuma, an ba da labarin cewa tun farko waɗansu mutanen yankin Tangaza da Gudu ne suka karɓe su don su tsare su daga ɓarayin shanu, da suka ga ba mai tsare su. Sawun Kwasau ke nan aka sake takawa. Dajin Kainji kuma, wanda sashensa na Zugurma ke cikin ƙasar Mashegu, sashensa na Bargu ya doshi iyakar Benin, ya zama mafakar masu bindiga. Mutanen Mashegu sun riga sun san ɗacin abin, gama ran 25 ga watan Oktoba 2021 aka kashe masallata 18 a ƙauyen Maza-Kuka suna cikin sallar asuba. Daji irin wannan ba ƙasar da za ta iya tsare shi ita kaɗai, ko da kuwa giwa ce.

Mazauna Kudu kada su ɗauka wannan maganar mutanen bakin iyaka ce. Shanun da ake saukewa a Oko-Oba da Akinyele, da wake da albasa da ke shiga Mile 12, da yawansu daga kasuwannin iyaka suke tasowa, kuma ta hanyar Kwantagora zuwa Jebba wasu ke bi. In iyaka ta rufe, ko hanya ta ƙi biyuwa, dillali da mahauci da ɗan dako duk sai sun ji. Banda wannan, a Sabo na Badun da Agege da Idi-Araba, ɗan Tawa da ɗan Maraɗi da ɗan Damagaram sahu ɗaya suke tsayawa da Bakatsine da Basakkwace, Sarkin Hausawa ɗaya suke kai wa ƙara, mai masauki kuwa bai san bambancinsu ba. Wanda ya zauna baƙunci ya fi kowa sanin abin da ake nufi da a ce kai ne ƙarami a unguwa, ya san zafin a yanke hukunci a kanka ba a tambaye ka ba. Saboda haka shi ya fi cancanta ya faɗa wa masu mulki gaskiya.

Abin da ya kamata

Na farko, a rubuta a sa hannu cewa wuta da abinci da magani ba za su sake zama makami tsakanin Nijeriya da maƙwabtanta ba, ko wane ne ke mulki a can ko a nan. Na biyu, sintirin iyaka da musayar labarin abokan gaba su ci gaba ko da shugabanni ba sa ga-maciji, gama ɗan bindiga ba ya jiran a shirya. Ziyarar da Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar ya kai Yamai a watan Afrilu na 2025 mataki ne mai kyau, sai a ɗora a kansa ta hanyar Hukumar Haɗin Gwiwa ta 1971. Na uku, Nijeriya ta ɗauki babban rabo na nauyin yaƙin, tun da yake a cikin ƙasarta wutar ta tashi, ta riƙe garin da aka ƙwato, ta girmama mamatan maƙwabta kamar nata. Na huɗu, ta tsawata wa nata. Kuskuren Sakkwato shi ne barin ɗan gida ya ci mai amana. Ɓarayin dajin Zamfara da ke tsallakawa ƙasar Maraɗi, da ma'aikacin da ya kafa shinge yana tatsar fatake, su ne ke zubar da mutuncin ƙasa a idon maƙwabci.

Masu mulkin Yamai da Njamena su ma akwai nasu a cikin labarin. Majiya ya kira mai ƙarfi, ya ƙare da suna ba mulki. Kwasau ya kira baƙo, baƙon ya zauna shekara 58. Faransa ta kwashe sojanta daga Nijar a ƙarshen 2023, Amurka a 2024, duk wanda ya zo bayansu ma wata rana zai tafi, ko kuwa ya ƙi tafiya. Katsina da Maraɗi dai suna nan inda Allah Ya ajiye su.

Rassan jam'iyya da ke unguwannin 'yan Arewa a biranen Kudu suna da aiki a nan. Su sa wannan batu cikin tarurrukansu, su rubuta wa wakilan mazaɓunsu na gida, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a kuma a tambaye shi matsayinsa kan iyaka da kan tsaron hanyar Mokwa zuwa Kwantagora. Su kuma ja kunnen matasa game da jita-jitar da ke yawo a wayoyin hannu, masu zuga ɗan Nijeriya ya zagi ɗan Nijar ko ɗan Nijar ya zagi ɗan Nijeriya. Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara, in dawan ya kama wuta kuwa giwa ce ta fi rasa wurin ɓuya.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasa rayukansu, Ya ba shugabanni haƙuri da basira, Ya zaunar da ƙasashen nan lafiya, amin.